Tsakanin fork da exec: yadda manhaja ke haifar wata a Linux

Duk wanda ya taɓa buɗe taminal a Linux ya rubuta `ls` ya san abin da ke biyowa: jerin fayiloli su fito, alamar jiran umarni ta dawo. Abin bai kai ƙiftawar ido ba. Amma a wannan ɗan tsakanin, shel ɗin da ke karɓar umarninka ya rabu gida biyu. Rabi ya zauna yana jira. Ɗaya rabin ya zubar da duk abin da ke kansa ya rikiɗe ya zama `ls`, ya yi aikinsa, ya mutu, sannan aka kai wa mai jiran labarin yadda ya ƙare. Kusan kowane umarni haka yake bi, tun daga tsohuwar kwamfutar da ke ɗakin gwaji na makaranta har zuwa manyan sabobin da ke riƙe da intanet.

Ɗaliban kwamfuta a Yamai, na Jami'ar Abdou Moumouni da na makarantu masu zaman kansu, sukan haɗu da wannan batu da Faransanci, su haddace sunaye uku, `fork` da `exec` da `wait`, su ci jarrabawa su wuce. Abin da haddar ba ta bayarwa shi ne dalilin da ya sa aka raba haihuwar sabon aiki zuwa mataki biyu, alhali ana iya yin sa da kira ɗaya. A ganina duk ƙarfin tsarin Unix, wanda Linux ya bi sawunsa, a wannan fanni, da duk ciwon kansa, suna cikin ɗan gibin da ke tsakanin matakan nan biyu.

Sai mu fara bambance abu biyu. Manhaja fayil ce da ke kwance a faifai, ba ta motsi. Idan aka ɗora ta a ƙwaƙwalwar kwamfuta ta fara gudana, ta zama abin da zan kira aiki. Kowane aiki yana da lambar shaida, wato PID, yana da yankinsa na ƙwaƙwalwa wanda wani ba ya leƙawa, da fayilolin da ya buɗe, da foldar da yake tsaye a ciki, da sunan mai amfanin da yake gudana da izininsa. Manhaja ɗaya na iya zama ayyuka goma a lokaci guda. Mai kula da su duka shi ne kanel, cibiyar tsarin sarrafa kwamfutar, kuma babu aikin da ke iya samar da wani sai ya roƙe shi.

Roƙon kuwa shi ne `fork`. Ba ya karɓar komai, ko sunan manhajar da kake son kunnawa. Abin da yake yi kawai shi ne ya kwafi aikin da ya kira shi. Ana kiransa sau ɗaya, ya amsa sau biyu: sau ɗaya a cikin uwa, sau ɗaya a cikin ɗan da aka haifa yanzu, kuma dukkansu su ci gaba daga layi guda, wanda ke bin kiran. Abin da ke bambanta su shi ne amsar da kowa ya samu. Ɗa yana samun 0. Uwa tana samun lambar PID ta ɗanta. Hikimar a fili take: ɗa uwarsa ɗaya ce, in yana son lambarta ya tambaya da `getppid`, amma uwa na iya samun ƴaƴa ɗari, dole a miƙa mata lambar kowanne tun ranar haihuwa.

```
pid_t p = fork();
if (p < 0) {
    perror("fork"); /* ba a samu ɗa ba */
} else if (p == 0) {
    execlp("ls", "ls", "-l", (char *)0);
    _exit(127); /* exec ya gaza */
} else {
    int hali;
    waitpid(p, &hali, 0);    /* uwa na jira */
}
```

Akwai amsa ta uku da masu koyo ke tsallakewa, wato -1, idan kanel ya ƙi saboda ƙwaƙwalwa ta cika ko an kai iyakar adadin ayyuka. Tsallake ta ba ƙaramin ganganci ba ne. Wanda ya ajiye -1 a matsayin lambar ɗansa, daga baya ya ce `kill` ya kashe masa ɗan, ya aika saƙon mutuwa ga duk aikin da yake da izinin taɓawa a kwamfutar, domin ma'anar -1 ke nan a wurin `kill`. In kuma da izinin root, mai cikakken iko a kan kwamfutar, yake gudana, sai dai a ce Allah ya kyauta.

Shi kuwa `exec` ba ya haifar kowa. Aikin da ya kira shi yana nan da lambarsa, amma ana kwashe manhajar da ke cikinsa a zuba wata. Shi ya sa `exec` da ya yi nasara ba ya dawowa, ba inda zai dawo, rubutun da ya kira shi ya riga ya gushe. Duk layin da ka ga yana gudana bayan `exec` shaida ce cewa kiran ya gaza. Sunayen danginsa suna ruɗa mutane, `execl` da `execv` da `execlp` da `execvp` da sauransu, amma a Linux duk suna ƙarewa ne a kan kira ɗaya na kanel, `execve`. Harafin `l` na nufin ka jero bayanan umarnin ɗaya bayan ɗaya, `v` na nufin ka haɗa su a tsari guda ka miƙa, `p` na nufin a nemo manhajar a foldojin da ke cikin PATH, jerin wuraren da ake duba umarni, `e` kuma kai ne za ka ba da muhallin da sabuwar manhajar za ta tarar, wato jerin saituna irin su PATH. Maimaita "ls" sau biyu a misalin can ba kuskure ba ne: na farko fayil ɗin da za a ɗora, na biyu sunan da manhajar za ta ji an kira ta da shi. BusyBox, da ke cikin yawancin ƙananan na'urorin wayfay na ofisoshi da gidaje, da wannan yake cin abinci. Fayil ɗaya ne, in aka kira shi da sunan `ls` ya yi aikin `ls`, in aka kira shi `cp` ya kwafa.

Me ya sa mataki biyu?

Ba wani dogon tsari aka zauna aka zana ba. Tunanin rabuwar aiki gida biyu ya girmi Unix: Melvin Conway ya bayyana shi a 1963, kuma wani tsarin da aka gina a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley ya yi amfani da shi. Ken Thompson, wanda ya yi karatu a can, ya san da shi lokacin da shi da Dennis Ritchie suka fara Unix a Bell Labs a 1969 a kan kwamfutar PDP-7. A farkon farawa ayyuka biyu ne rak a tsarin, ɗaya ga kowace taminal. Shel yakan karanta umarni, ya ɗora manhajar a kan kansa, in ta gama a sake ɗoro shel ɗin. Wato wani abu mai kama da `exec` ya riga ya samu. Da aka zo ƙara ikon gudanar da ayyuka da yawa, hanya mafi sauƙi ita ce a kwafi wanda ke nan. Ritchie ya ce `fork` na PDP-7 layi 27 ne kacal na rubutun asembili.

Wani abin dariya ya biyo baya, shi ma Ritchie ne ya ba da labarinsa. Ana cikin murnar sabon tsari sai aka tarar umarnin canza folda ya daina aiki. Aka yi ta bin rubutu ana neman inda `fork` ya ɓata shi, kafin a gane ba abin da ya ɓaci. Umarnin yana gudana ne a cikin ɗa yanzu: ɗan ya canza foldarsa daidai, ya mutu, uwa kuwa tana nan inda take. Tun daga nan `cd` ya koma cikin jikin shel, kuma har yau a can yake. Wannan darasi ne da ke maimaita kansa ga kowane sabon ɗalibi da ya rubuta ɗan rubutun shel mai `cd` ko `export`, ya kunna, ya ga taminal ɗinsa ba ta canza ba. Ɗa yana gadon uwa, amma abin da ya canza a wurinsa ba ya komawa gare ta.

To, abin da aka yi don sauƙi sai ya zo da wata riba. Bayan `fork`, kafin `exec`, ɗan yana nan da rubutun uwarsa a hannu, yana iya yin duk abin da aiki ke iya yi wa kansa. Kuma abubuwa da yawa suna tsallake `exec` ba tare da sun canza ba, musamman fayilolin da ke buɗe. Kowane fayil da aiki ya buɗe yana da ƴar lamba. Bisa al'ada 0 ita ce mashigar bayani, 1 mafita, 2 kuma mafitar saƙonnin kuskure. Manhaja irin `ls` ba ta san allo ba, lamba 1 kawai ta sani. Idan ka rubuta `ls > jeri.txt`, shel zai yi `fork`, ɗan ya buɗe `jeri.txt`, ya kira `dup2` ya mayar da lamba 1 ta koma nuna wannan fayil, sannan ya yi `exec`. Sai `ls` ta farka ta rubuta a lamba 1 kamar kullum, ba ta ma san an juya mata hanya ba. Ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikin `ls` ba, kuma ba a ƙara wa `fork` ko `exec` komai ba.

Bututu ma haka ne. Doug McIlroy ya daɗe yana matsa wa abokan aikinsa a kan a samar da hanyar haɗa manhajoji baki da baki, Thompson ya aiwatar a 1973. A ce kana da jerin ɗalibai kana son sanin nawa ne ƴan Tawa: `grep Tawa dalibai.txt | wc -l`. Shel ya roƙi kanel bututu, a ba shi lambobi biyu, bakin zubawa da bakin ɗiba. Ya haifi ƴaƴa biyu. Na farko ya ɗaura bakin zubawa a lambarsa ta 1 ya zama `grep`, na biyu ya ɗaura bakin ɗiba a lambarsa ta 0 ya zama `wc`. A nan ne gizo ke saƙa ga mai rubuta nasa shel a karon farko. Mai ɗiba ba ya sanin bayani ya ƙare sai an rufe kowane kwafi na bakin zubawa, kuma `fork` ya rarraba kwafin ga uwa da ƴaƴan duka. In uwa ta manta ba ta rufe nata ba, `grep` zai gama ya tafi, `wc` ya zauna jiran abin da ba zai zo ba, uwa kuma tana jiran `wc`. Ba saƙon kuskure, ba komai, allo ya yi tsit.

A gibin nan dai ake sauke izini daga root zuwa mai amfani na gama-gari, a canza folda, a sa wa ɗa iyakar ƙwaƙwalwa, a ware shi a rukuninsa. Windows ta bi wata hanya: kira ɗaya ne, `CreateProcess`, mai karɓar bayanai goma, wasunsu ma tsare-tsare ne masu ɗauke da wasu bayanan a ciki. Duk abin da kake son ɗan ya tarar sai ka faɗa tun farko, kuma sai wanda masu tsarin suka tanadar wa gurbi. Mutanen Unix sun daɗe suna yi wa wannan dariya. Dariyar ta ragu yanzu, za mu zo ga dalili.

Tsadar kwafi

Mai hankali zai tambaya: a kwafi aiki sukutum, sannan nan take a zubar da kwafin a ɗora wata manhaja, wannan ba ɓarna ba ce? Ɓarna ce, kuma a da haka ake yi. Masu Unix na Berkeley sun ƙirƙiro `vfork` saboda haka, inda ɗa ke aron ƙwaƙwalwar uwa ita kuma a dakatar da ita har ya yi `exec`. Yana da sauri, yana da haɗari, domin duk abin da ɗan ya taɓa na uwar ya taɓa.

Maganin da ya zauna shi ne jinkirta kwafin. Ka ɗauki ɗalibai biyu da malami ya ba su kundin darasi guda. Maimakon su kai shi shagon fotokofi a buga shafi ɗari uku, sai su yarda su riƙa karanta guda ɗin tare, da sharaɗin duk wanda zai yi rubutu a wani shafi ya je ya buga wannan shafin kaɗai ya yi rubutunsa a kan nasa. Haka kanel ke yi. Ƙwaƙwalwa a rarrabe take shafi-shafi, yawanci kilobayit 4 kowanne. Lokacin `fork` ana sa wa shafukan alamar karatu kawai, uwa da ɗa su yi tarayya a kansu. Wanda ya fara yunƙurin rubutu, na'ura ta tsayar da shi, kanel ya kwafa masa wannan shafi ɗaya, ya sake shi ya ci gaba. Ɗan da ya yi `exec` nan take kusan bai kwafi komai ba.

Wannan dabara tana cikin aljihun kusan kowa a Yamai. A Android akwai wani aiki mai suna Zygote da ke tashi tun wayar na kunnuwa, ya ɗora laburaren da kowace manhajar waya ke buƙata, ya zauna. In ka taɓa WhatsApp, Zygote ne ke yin `fork`, ɗan ya zama WhatsApp ba tare da `exec` ba, yana tarayya da sauran manhajoji a shafukan da aka riga aka ɗora. Yana daga cikin abin da ya sa ƴar Itel ko Tecno mai gigabayit 2 da aka sayo a Babbar Kasuwa ke iya riƙe manhajoji da dama a buɗe. Redis, rumbun bayanai da ke riƙe komai a ƙwaƙwalwa, shi ma da `fork` yake ajiye bayanansa a faifai: ɗa yana ganin ƙwaƙwalwar yadda take a daidai lokacin haihuwarsa, ya rubuta ta a nitse, uwa na ci gaba da amsa masu tambaya. PostgreSQL kuwa, wani rumbun bayanan, ɗa guda yake haifa wa kowane mai haɗuwa da shi.

Sai dai jinkirin bai sa abin ya zama kyauta ba. Shafukan ba a kwafe su, amma teburin da ke nuna inda kowane shafi yake dole a kwafe shi. Aiki mai riƙe da gigabayit 16 yana da shafuka sama da miliyan 4, kowanne da gurbin bayit 8 a tebur, wato kimanin megabayit 32 da za a kwafa don kawai a kunna ƙaramin umarni. Ga kuma alkawarin da kanel ke ɗauka: in uwa da ɗa duk suka rubuta a kowane shafi, ana buƙatar ninki biyu. Linux yakan yi alkawarin fiye da abin da yake da shi bisa zaton ba za a nema duka ba. Ranar da aka nema, sai ya zaɓi wani aiki ya kashe.

Gadon da ba a nema ba

Ɗa yana gadon komai sai abin da aka cire da gangan, kuma a nan matsalolin yau suke. Mafi sauƙin gani shi ne rubutun da ke fitowa sau biyu. `printf` ba ya aika rubutu nan take, yakan tara shi a wata ma'ajiya cikin ƙwaƙwalwar aikin. A taminal yana zubarwa a ƙarshen kowane layi, amma in an juya mafita zuwa fayil sai ma'ajiyar ta cika ko aikin ya ƙare. In aka yi `fork` da rubutu a tare, an kwafe shi, uwa ta zubar da nata, ɗa ya zubar da nasa. Manhajar da ta yi daidai a allo sai ta ninka layuka a fayil. Shi ya sa ake kiran `fflush` kafin `fork`, kuma shi ya sa a misalinmu ɗan da `exec` ya gaza masa ya fita da `_exit`, wanda ba ya taɓa ma'ajiyar, maimakon `exit`.

Na biyu fayilolin da ke buɗe. Abin da ya ba mu bututu shi ne kuma ke yoyo. Saba, wato manhajar da ke amsa masu neman bayani ta hanyar sadarwa, ta buɗe tasha mai lamba 8080 tana sauraro, ta kunna wani ƙaramin umarni mai daɗewa, daga baya aka tsayar da ita don a sabunta. Aka zo tayar da ita, kanel ya ce tashar na hannun wani. Hannun wa? Ɗan nan da ya gaji lambar bai ma san yana riƙe da ita ba. In fayil ɗin sirri ne, manhajar da ba ta da izinin buɗe shi ta same shi a buɗe. Maganin shi ne alamar `O_CLOEXEC`, da Linux ya samu a 2007, mai sa fayil ya rufe kansa lokacin `exec`. Python ta mayar da wannan ɗabi'arta ta asali tun sigar 3.4. A C kuwa kai ne za ka tuna, a kowane `open`, kuma ka yi fatan laburaren da ka aro ma sun tuna.

Na uku shi ne mafi muni, kuma ba a san shi ba a 1969 domin lokacin Unix ba shi da zaruruwa. Manhajojin yau suna gudanar da zare da yawa cikin aiki ɗaya, wato sassan manhajar da ke gudana a lokaci guda suna tarayya a ƙwaƙwalwa ɗaya. `fork` yana kwafar ƙwaƙwalwar duka amma zare ɗaya tak ke rayuwa a cikin ɗa, wanda ya yi kiran. A ce wani zaren yana riƙe da makullin rubuta rahoto a daidai wannan lokaci. A cikin ɗa makullin yana nan a kulle, mai buɗe shi kuwa babu shi. Ɗan ya zo rubuta rahoto ya tsaya, har abada. Kuma ba kullum ba, sai sa'ar da lokutan suka yi karo, wataƙila sau ɗaya cikin dubbai, abin da ke sa gano shi ya zama azaba. Ƙa'idar POSIX, wadda tsarukan dangin Unix ke bi, ta ce a manhaja mai zaruruwa, tsakanin `fork` da `exec` ƴan kiraye-kiraye ƙalilan ne suka halatta, kuma `printf` da `malloc` ba sa cikinsu. Wato gibin da muka yaba ɗazu ya ƙuntata ƙwarai.

Shi kuma muhalli, gado ne da ake mantawa da shi sai ya ɓace. Rubutun da ke kwafe bayanan ofis kowane dare yana aiki lafiya in ka kunna shi da hannu, amma a ƙarƙashin `cron`, mai kunna ayyuka a lokacin da aka tsara, ya gaza, domin uwarsa ta canza, PATH ɗin da `cron` ke bayarwa gajere ne. Irin wannan yakan fito fili a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya tsananta wuta ke yawan ɗaukewa. Saba ta mutu ta tashi da kanta, manhajar da wani ya kunna da hannu watanni baya yanzu systemd, mai tayar da manhajoji idan kwamfuta ta kunnu, shi ne ya haife ta, da wata folda da wani muhalli, sai ta ƙi aiki a ce wutar ce ta lalata ta.

Game da `wait`, abin da ya kamata a riƙe kaɗan ne. Ɗa in ya mutu, kanel yana kwashe ƙwaƙwalwarsa amma ya bar ɗan gurbi mai ɗauke da lambarsa da sakamakonsa har uwa ta zo ta karɓa. Kafin ta karɓa ana kiransa zombi, `ps` na nuna shi da harafin Z. Ba a kashe shi da `kill`, ya riga ya mutu. Guda ɗaya ba ya cutarwa, amma sabar da ke haihuwa ba ta karɓa za ta cinye lambobin PID har `fork` ya fara amsa -1. In uwa ce ta riga mutuwa, maraya yana komawa hannun aiki mai lamba 1, wanda karɓar sakamakon matattu na cikin aikinsa. A cikin kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wurin da ake gudanar da manhaja a ware, manhajarka ce ke zama lamba 1, kuma yawanci ba a rubuta ta don wannan ba, dalilin zaɓin `--init` ke nan. Sakamakon kansa lamba ce daga 0 zuwa 255. 0 lafiya. A al'adar shel 127 na nufin ba a sami umarnin ba, 126 an same shi amma ba ya kunnuwa, abin da ya haura 128 kuma sigina, irin saƙon da `kill` ke aikawa, ita ce ta kashe shi: 137 shi ne 128 da 9, wato an kashe shi da ƙarfi, sau da yawa saboda ƙwaƙwalwa ta ƙare.

Ganin duk wannan wahala, da yawa sukan gudu zuwa `system`, ka ba shi umarni a jimla ɗaya ya yi maka komai. Abin da yake yi a ɓoye shi ne ya haifi shel ya miƙa masa jimlar, shel kuma ya fassara kowace alama da ke ciki. A ce ƙaramin ofis a Yamai yana da manhajar da ke karɓar takardun da aka ɗauka hoto ta mayar da su PDF, tana haɗa umarnin da sunan fayil a tsakanin alamun ɗauko magana guda-guda. An gwada da `test1.jpg`, lafiya lau. Ranar farko ta aiki aka kawo `takardar Sa'idu.jpg`. Alamar da ke tsakiyar sunan ta rufe maganar kafin lokaci, umarnin ya karye. Mu da sunayenmu ke cike da wannan alama, Sa'adatu da Mas'udu da Isma'il, ga Faransancin takardunmu da `d'` da `l'` ko'ina, ba ma buƙatar ɓarawo kafin mu ga wannan. Amma ƙofar da Sa'idu ya shigo bisa tsautsayi ita ce mugu zai shigo da gangan, ya sa wa fayil sunan da ke ɗauke da umarnin share faifai. Da `execv` babu wannan magana: sunan fayil gurbinsa daban a jerin bayanai, ba shel a tsakani, ba mai fassara shi. A Python bambancin shi ne tsakanin ba `subprocess.run` jeri da ba shi jimla tare da `shell=True`.

A 2019 wasu masu bincike huɗu, Andrew Baumann da Jonathan Appavoo da Orran Krieger da Timothy Roscoe, suka fito ƙarara suka ce `fork` dabara ce da ta dace da ƙananan kwamfutocin shekarun 1970, ta daɗe da wuce zamaninta, a daina koyar da ita a matsayin hanyar farko. Na yarda da rabin maganar. A daina amfani da shi barkatai, wannan daidai ne, kuma manyan harsuna sun kama hanyar. Python 3.12 tana gargaɗi in aka yi `fork` cikin aiki mai zaruruwa, kuma a 3.14 `multiprocessing` ya daina ɗaukar `fork` tsantsa a matsayin zaɓin asali a Linux. Amma a daina koyarwa, a'a. Wanda bai taɓa haɗa bututu da hannunsa ba ba zai gane me ya sa sabarsa ta maƙale ba, ko da wane harshe ya rubuta ta. Kuma kayan gwajin ba su da tsada: tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu da `gcc` da `strace -f` sun isa, ba a ma buƙatar intanet. Mai bin sawun kiraye-kiraye da `strace` zai ga `clone` a inda yake tsammanin `fork`, domin da shi laburaren C na Linux ke isar da roƙon ga kanel.

Ga mai son kunna wata manhaja kawai daga C, `posix_spawn` ya fi dacewa. Yana cikin ƙa'idar POSIX tun 2001: ka rubuta jerin abin da za a buɗe, a rufe, a juya, ka miƙa tare da sunan manhajar, kira ɗaya, kamar dai na Windows da aka yi wa dariya. Tun sigar 2.24 ta glibc, laburaren C na yawancin Linux, a 2016, yana aiki ba tare da kwafar teburin shafuka ba, don haka girman uwa bai dame shi ba. Iyakarsa ita ce sai abin da aka tanadar. Ko canza foldar ɗa, abin da layi ɗaya ke yi bayan `fork`, sai a glibc 2.29 a 2019 aka ƙara masa. Masu rubuta shel, da masu gina kwantena da ke buƙatar ware wa ɗa hanyar sadarwarsa da faifansa kafin ya fara gudana, har yanzu `fork` ko `clone` suke kira su shirya ɗan da hannunsu.